Tambayoyi da Amsoshi kan Kalmomin Nazarin Adabi da Balaga ga Ɗaliban Turanci

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban adabin Turanci suka fi yi, tun daga masu shirin WAEC, NECO da JAMB har 'yan ajin farko a jami'a. An bar sunayen kalmomin yadda Turawa ke rubuta su, domin a haka za ka tarar da su a takardar jarrabawa.

Sai na haddace sunayen nan duka kafin in ci jarrabawa?

Waɗanda ke yawan fitowa ba su fi 'yan gomiyoyi ba, kuma yawancin abin da suke nufi ka riga ka san shi tun kana yaro. Duk wanda ya taɓa jin kirari, habaici ko karin magana ya san adon harshe. Sunan ne kawai baƙo. Sunayen sun yi nauyi a baki ne don da yawansu daga harshen Girkanci suka zo, tunda Girkawa ne suka fara tsara su a Turai, Rumawa suka gada, Turawan Ingila suka ara.

A takardar zaɓi ta WAEC, mai tambayoyi 50, sanin suna kaɗai kan ba ka maki. A takardun rubutu kuwa, faɗin suna ba ya kai ka ko'ina sai ka nuna aikin da adon ya yi a wurin da ya fito. Don haka ga kowace kalma ka riƙe abu uku: ma'anarta a jimla ɗaya, misali ɗaya na Hausa, misali ɗaya na Turanci da kai ka ƙirƙira.

Mene ne bambancin simile da metaphor?

Simile shi ne kamance. Ana ajiye abu biyu gefe da gefe, a haɗa su da kalmar kwatanci: "kamar", "tamkar", "sai ka ce". A Turanci kalmomin su ne like da as. "Fuskarta kamar wata daren goma sha huɗu" kamance ne. Metaphor kuwa siffantawa ce: an cire kalmar kwatancin, an ce wannan shi ne wancan kai tsaye. "Audu zaki ne."

Kowanne yana da sassa uku da ya kamata ka iya warewa: abin da ake magana a kansa, abin da aka aro don a siffanta shi, da halin da ya haɗa su. Masanin adabi I. A. Richards, a 1936, ya kira na farko tenor, na biyu vehicle. A misalinmu Audu ne na farko, zaki na biyu, jarumta ce ta haɗa su. Idan ba ka fito da na ukun ba, ba ka yi nazari ba tukuna.

Wanda ya yi karatun balaga a zaure ya lura da wannan sosai. A balagar Larabci, "Audu zaki ne" har yanzu tashbihi ne, wanda ake kira baligi, don an ambaci ɓangarorin biyu. Sai an ɓoye ɗaya, kamar "na ga zaki yana huɗuba", sannan ya zama isti'ara. A Turanci duka biyun metaphor ne. Ɗalibai masu ƙarfi a Larabci sukan faɗi a nan, ba don rashin sani ba, sai don sun auna da mudun wata kasuwa.

Wani kuskure: ba duk like ba ne kamance. "She looks like her mother" kwatanci ne na zahiri, 'ya da uwa jinsi ɗaya ne. Kamance na adabi sai abubuwan biyu sun bambanta a asali.

Personification fa, da apostrophe?

Personification ita ce mutuntarwa: a ba abin da ba mutum ba halin mutum, kamar "yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa". Apostrophe kuwa kira ne kai tsaye ga wanda ba ya nan, ko mamaci, ko abin da ba ya ji: "Ke duniya, ina za ki da mu?" Sau da yawa sukan zo tare. Da kiran ake gane apostrophe. A tsofaffin waƙoƙin Turanci yakan fara da O. Ba shi da alaƙa da alamar rubutu mai wannan suna.

Kullum ina rikita metonymy da synecdoche. Yaya zan raba su?

Yi wa kanka tambaya ɗaya: abin da aka ambata yanki ne na jikin abin da ake nufi? Idan e, synecdoche ne. Magidanci ya ce "baki goma nake ciyarwa". Baki yanki ne na mutum. Turawa kan ce hands suna nufin ma'aikata. Idan kuwa ba yanki ba ne, abu ne da ke tare da shi kullum har ya zama wakilinsa, to metonymy ne. "Fada ta hana" na nufin sarki da majalisarsa. "An naɗa masa rawani" na nufin sarauta. Crown a Turanci na nufin mulkin sarki ko sarauniya.

Dukansu sun bambanta da siffantawa ta hanya guda: babu kama a ciki. Rawani bai yi kama da sarauta ba, tare dai suke tafiya.

Irony iri nawa ne?

Uku ake koyarwa, kuma abin da ya haɗa su shi ne rata tsakanin abin da ya bayyana da abin da yake gaskiya.

Verbal irony shi ne gatse. Uwa ta tarar da yaro kwance hantsi ya dubi ludayi, ta ce "sannu da aiki". Kalmomin yabo ne, nufin akasinsu. Idan gatsen ya yi kaifi, manufarsa cin fuska, sai a kira shi sarcasm.

Situational irony a cikin abin da ya faru yake: sakamako ya zo a juye da abin da aka yi tanadi dominsa. Mai gadin da aka ɗauka don tsaron gida shi ne ya buɗe wa ɓarayi ƙofa. Amma a kiyaye, ba kowace rashin sa'a ba ce. Ruwa ya dake ka ranar da ka sa sabuwar riga rashin sa'a ne kawai. Sai akwai juyi tsakanin manufa da sakamako.

Dramatic irony shi ne mai kallo ko mai karatu ya san abin da ɗan wasa bai sani ba. A wasan Othello na Shakespeare, masu kallo sun san makircin Iago tun daga farko, alhali Othello na ta yaba amanarsa. Duk yabon da ya yi sai ya ƙara wa mai kallo zullumi. Wannan zullumin shi ne aikin adon, kuma shi ya kamata ka rubuta a amsarka.

Paradox, oxymoron, antithesis: ba abu ɗaya ba ne?

Duk suna wasa da kishiyoyi, amma girmansu ya bambanta. Oxymoron kalma biyu ne masu karo a manne da juna, kamar deafening silence, wato shirun da ke toshe kunne. Paradox cikakkiyar magana ce da ta yi kamar ta ƙaryata kanta, amma in ka natsu ka ga gaskiyarta: "sauri kan haifi nawa". Antithesis kuwa babu karo da hankali a cikinsa, jera kishiyoyi ne a gini iri ɗaya don kowanne ya haska ɗan'uwansa: "mai haƙuri ya ci riba, mai gaggawa ya yi asara".

Hyperbole, litotes da euphemism?

Hyperbole kambamar zulaƙe ce, abincin maroƙa da masu kirari: "na faɗa maka sau dubu". Litotes tabbatar da abu ne ta hanyar kore kishiyarsa, kuma Hausa ta ƙware a nan: "ya sha wuya ba kaɗan ba", "ba laifi". Euphemism sakaya zance ne don kunya ko ladabi: "ya riga mu gidan gaskiya", "tana da juna biyu", "ya zaga".

Me ya sa nake kuskure a alliteration alhali haruffan iri ɗaya ne?

Domin da kunne ake gane shi, kai kuma da ido kake nema. Rubutun Hausa na boko kusan yadda ake furtawa haka ake rubutawa, shi ya sa muka saba yarda da ido. Turanci ba haka yake ba. City da cat sun fara da harafi ɗaya amma sauti daban, don haka babu alliteration. City da sun akwai. Phone da fish akwai. Knee da night akwai, don k ɗin ba a furta shi.

Alliteration maimaita baƙin farko ne a kalmomi makusanta, irin abin da muke ji a ƙarangiya: "ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto". Assonance maimaita wasali ne, kamar a rain da late. Consonance maimaita baƙi ne a tsakiya ko ƙarshen kalma, kamar a milk da walk. Onomatopoeia kalma ce mai kwaikwayon ƙarar abu, kamar buzz ko hiss. A Hausa "tim" da "ƙwal" suna cikinta, amma ba duk amsa-kama ba: "fari fat" ba ƙara yake kwaikwaya ba.

Idan kalma ta shige maka duhu, furta ta da ƙarfi ko ka duba alamun furuci a ƙamus kafin ka yanke hukunci.

Rhyme ɗin Turanci daidai yake da amsa-amon waƙar Hausa?

Sun yi kusa, amma dokarsu ba ɗaya ba ce. A rubutacciyar waƙar Hausa gaɓar ƙarshe ake lura da ita: baitoci su yi ta ƙarewa da "na" ko "ra" daga farko har ƙarshe, wannan ne babban amsa-amo. A Turanci ana fara lissafi ne daga wasalin ƙarshe da aka danna, wato aka furta da ƙarfi, kuma duk abin da ya biyo bayansa sai ya dace, baƙin da ke gabansa kuma ya bambanta. Shi ya sa water da daughter suka amsa juna, amma water da better ba su cika ba, duk da gaɓarsu ta ƙarshe ɗaya ce. Love da move sun dace a ido kawai. Ana kiran wannan eye rhyme.

Wajen fitar da rhyme scheme, wato tsarin amsa-amo, ba ɗangon farko harafin a. Duk ɗangon da ya amsa shi, shi ma a ne. Sabon sauti ya karɓi b, na gaba c. Ƙananan haruffa ake amfani da su, kuma a bar fili tsakanin baiti da baiti.

Yaya ake auna metre? Nan ne na fi shan wuya.

Ba kai kaɗai ba, kuma akwai dalili. Karin waƙar Hausa, kamar arulin Larabci da Halilu ɗan Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, kan nauyin gaɓa yake tafiya: gaɓa mai dogon wasali ko mai rufe da baƙi tana da nauyi, mai gajeren wasali ba ta da shi. Turanci kuwa dannawa yake ƙirgawa, wato gaɓar da aka fi furtawa da ƙarfi. Hausa tana da karin sauti, sama da ƙasa, amma ba ta da irin wannan dannawar, don haka sai an horar da kunne. Gwada kalmar record: in suna ce, REcord, in aikatau ce, reCORD.

Ƙafa ita ce ɗan rukunin gaɓoɓin da ke maimaituwa a ɗango, wasu danne, wasu sako, wato ba a danna su ba. Ƙafafu huɗu ne za ka fi haɗuwa da su. Iamb: sako sannan danne, kamar aWAY. Trochee: danne sannan sako, kamar WAter. Anapaest: sako biyu sannan danne, kamar underSTAND. Dactyl: danne sannan sako biyu, kamar BEAUtiful. Sai a ƙirga ƙafafun da ke ɗango: uku trimeter, huɗu tetrameter, biyar pentameter, shida hexameter.

Ga yadda za ka yi da ɗango. Karanta shi da ƙarfi yadda ake magana, ba rerawa ba. Ƙirga gaɓoɓinsa. Fara sa alama a kalmomi masu gaɓa biyu ko fiye, domin dannawarsu a kafe take, ƙamus ma zai nuna maka. Sannan ka koma kan masu gaɓa ɗaya: suna, aikatau da siffa galibi ana danna su, ƙananan kalmomi irin the, of, to, and galibi ba a danna su. Daga nan sai ka ga tsarin da ya fi rinjaye. Ɗauki wannan ɗango:

the RAIN has COME to WASH the DUST aWAY

Gaɓa goma, dannawa biyar, kowace ƙafa sako sannan danne. Wannan ne iambic pentameter, karin da ya fi yawa a tsohuwar waƙar Turanci.

Abu biyu ke ɓata aikin. Na farko, ƙara wasali tsakanin baƙaƙe yadda bakinmu ya saba: school gaɓa ɗaya ce, strength ma ɗaya ce, kuma in ka mai da su biyu ko uku lissafi ya rushe. Na biyu, tilasta wa kowane ɗango ya bi tsari daram. Mawaƙa kan juya ƙafar farko da gangan, ko su ƙara gaɓa a ƙarshe. Inda aka karya kari, dubi kalmar da ke wurin; sau da yawa ita mawaƙin yake so ka tsaya a kai.

Yaya zan gane sonnet, blank verse da free verse?

Fara da ƙirga ɗango. In 14 ne, kuma iambic pentameter, kusan tabbas sonnet ce. Iri biyu ne manya. Ta Italiya, wadda aka jingina wa Petrarch na ƙarni na 14, ta kasu takwas da shida: takwas ɗin farko abbaabba, sannan maganar ta juya a ɗango na tara. Wannan juyi ake kira volta. Ta Ingila kuwa, wadda Shakespeare ya shahara da ita, an buga guda 154 nasa a 1609, baiti uku ne masu ɗango huɗu da ƙwar biyu a ƙarshe: abab cdcd efef gg. Nemo inda maganar ta juya, domin rabin amsarka na nan.

Blank verse yana da kari, iambic pentameter, amma babu amsa-amo. Da shi aka rubuta mafi yawan wasannin Shakespeare. Free verse ba shi da tsayayyen kari, ba shi da tsayayyen amsa-amo. Enjambment shi ne sabi-zarce, jimla ta ƙetare ƙarshen ɗango ba tare da tsayawa ba. Caesura tsayawa ce a tsakiyar ɗango.

Theme, plot da subject: wanne ne jigo?

Subject shi ne abin da ake magana a kai, kalma ɗaya ta isa: talauci, yaƙi, aure. Plot shi ne zubin labari, abin da ya faru da dalilin da ya sa wani ya haifi wani. Theme shi ne jigo, abin da aikin ke cewa game da batun, kuma zai fi kyau ka faɗe shi a cikakkiyar jimla: "talauci kan sa mutum ya sayar da mutuncinsa kaɗan-kaɗan ba tare da ya lura ba". Idan an tambaye ka jigo ka shiga ba da labari daga farko, ka amsa tambayar da ba a yi ba, kuma wannan na cikin abin da ya fi cinye makin ɗalibai.

Tone da mood fa? Kuma marubuci ne ke magana a waƙa?

Tone halin mai magana ne game da abin da yake faɗa: fushi, ba'a, girmamawa, nadama. Mood yanayin da aikin ya jefa mai karatu ne: tsoro, kewa, natsuwa. Mai magana na iya ba da labarin kisa da sanyin murya, kai kuma tsigar jikinka na tashi.

Kada ka ɗauka "ni" na cikin waƙa ko labari shi ne marubucin. A waƙa ka ce speaker ko persona, a ƙagaggen labari ka ce narrator. Namiji kan rubuta da muryar mace, mai rai da muryar mamaci.

Soliloquy, monologue da aside?

Tambayar ita ce wa ke ji. Soliloquy: ɗan wasa shi kaɗai a dandali yana faɗin abin da ke ransa. Monologue: doguwar magana ce, amma akwai masu saurare a wurin. Aside: gajeriyar magana ce ga masu kallo, sauran 'yan wasa na tsaye amma an ɗauka ba su ji ba. A wasan ban tausayi za ka kuma haɗu da kalmomin da masanin Girka Aristotal ya yi amfani da su: hamartia, kuskure ko raunin da ya kayar da tauraro, da catharsis, sauƙin da zuciyar mai kallo ke samu bayan tausayi da tsoro sun ratsa ta.

Mene ne ethos, pathos da logos?

Hanyoyi uku ne na shawo kan mai sauraro, kamar yadda Aristotal ya tsara a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Ethos dogaro ne da mutuncin mai magana. Pathos taɓa zuciya ne. Logos hujja ce da lissafi. Ka saurari dattijon da ke sasanta 'yan'uwa kan gado: "Ni na yi zama da mahaifinku shekara arba'in" ethos ne, "ku dubi hawayen mahaifiyarku" pathos ne, "in kuka kai kotu, kuɗin da za ku kashe ya fi gonar" logos ne.

A nazarin jawabi ka kuma nemi anaphora, maimaita kalma a farkon jimloli a jere, rhetorical question, tambayar da ba amsa ake nema ba, kamar "wa ya isa?", da chiasmus, juya gini baya da gaba, kamar "ci don ka rayu, kada ka rayu don ka ci".

To yaya zan rubuta wannan a amsar jarrabawa?

Mataki huɗu a sakin layi ɗaya. Faɗi batun da kake son kafawa. Kawo 'yan kalmomin da ke shaida, gajeru, cikin alamar zance, daidai yadda suke. Ambaci sunan adon. Sannan ka ba da jimla biyu ko uku kan abin da ya ƙara wa ma'ana. Na huɗun ne ya kamata ya fi tsawo.

A ce waƙa ta ƙunshi ɗangon "hunger sat down at our table". Amsa mai rauni za ta ce akwai personification, ta wuce. Amsa mai ƙarfi za ta ce an mutunta yunwa a matsayin baƙon da ya zauna cin abinci. Kalmar sat ta nuna ba wucewa take yi ba, zama ta zo yi. Kuma an ajiye ta a teburi, wurin da ya kamata a ga abinci, don haka rashin ya fi fitowa fili.

Ka guji jimloli irin "yana ƙawata waƙar" ko "yana jawo hankalin mai karatu", domin ana iya manna su a kan kowace waƙa. In sunan adon ya ɓace maka a ɗakin jarrabawa, bayyana abin da kalmomin ke yi da Turanci mai sauƙi, ka ci gaba zuwa batu na gaba.